Yadda za ku haɗa taswirar lafiyar unguwarku da wayar hannu

Duk wanda ya taɓa zama a asibitin sha-ka-tafi lokacin damina ya san abin da zan faɗa. A kawo yaro da amai da gudawa, a yi mai ƙarin ruwa, a rubuta sunansa a rajista, wajen adireshi kuma a rubuta "bayan masallacin Juma'a" ko "layin mai shayi", gobe a kawo wasu biyu, jibi a kawo huɗu, kowa ana rubuta shi a layinsa daban, kuma babu wanda zai lura cewa duk yaran nan rijiya ɗaya suke sha ko kuma ɗan garuwa ɗaya ne yake kai musu ruwa. Rajista tana gaya maka mutum nawa ne suka kamu, amma ba ta nuna maka daga ina suke fitowa, alhali wannan "daga ina" ɗin shi ne abin da zai sa a tare cutar tun kafin ta ci unguwa. To wannan aikin taswira ce take yinsa, kuma wallahi yanzu ba sai kana da digiri ko ofis mai iyakwandishan ba, waya mai Android da mutum uku huɗu masu kishin unguwa sun isa a fara.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, ta kashe mutum sama da 600, a lokacin yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Wani likita John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, ya ga yawanci famfon titin Broad Street suke sha, ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon, daga baya ya fitar da taswira wadda ya sa wa kowane gida alamar adadin mutanen da suka mutu a cikinsa, kana kallo za ka ga alamomin sun yi cincirindo a kewayen famfon. Takarda da alƙalami kawai ya yi amfani da su.

Mu nan Arewa mun ga amfanin abin da idonmu a yaƙi da shan inna. A 2012 Najeriya ta samu yara 122 da cutar ta kama, fiye da rabin na duk duniya a shekarar. Ɗaya daga cikin matsalolin shi ne masu riga-kafi da taswirar hannu suke fita, wadda wani ya zana da biro, wata tungar ko rugar ba ta ciki kwata-kwata, wani wurin kuma yana kan iyakar mazaɓa biyu kowane ɓangare yana zaton ɗayan ne zai je, sai a wayi gari ba wanda ya je. Sai aka koma hotunan tauraron ɗan adam aka fitar da kowane gari da ƙauye da 'yar ƙaramar tunga a jihohin Arewa, aka riƙa ba wa tawagar masu riga-kafi waya su saka a jaka tana ɗaukar inda suka bi, da yamma a sauke bayanan a ga wuraren da aka taka da waɗanda aka tsallake, washegari a koma. Ƙungiyar eHealth Africa da ke da ofis a Kano tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, sarakuna da malamai da matan da suka sha rana gida-gida su ne ƙashin bayan abin, amma ita ce ta nuna musu inda aka bari a baya. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, wato asalin ƙwayar cutar.

To yanzu ga yadda ku ma za ku yi naku a matakin unguwa ko mazaɓa.

Kafin ka taɓa waya, ku zauna ku tsayar da tambaya guda ɗaya. Wannan shi ne inda yawancin matasa suke ɓata aikin, zumuɗi ya ɗebe su su ce za su saka komai da komai a taswira, masallatai, makarantu, shagunan caji, injin markaɗe, bayan sati biyu kowa ya gaji kuma ba a san me za a yi da bayanan ba. Tambaya ɗaya. Misali: ina ne rijiyoyin da suke kusa da masai a unguwarmu? Ko: waɗanne ƙauyuka ne suka yi wa asibiti nisa har mata ba sa zuwa awo? Ko: ina ruwa yake kwanciya bayan an yi ruwan sama? Tambayar ita za ta gaya maka abin da za ka ɗauka da abin da za ka ƙyale. Kuma tun a nan ku tambayi kanku, idan mun samu amsar wa za mu kai wa, me zai iya yi a kai? In ba ku da amsar wannan to ku canza tambayar.

Daga nan sai neman izini, kuma don Allah kar a raina wannan matakin. Ku je wajen mai unguwa ku gaishe shi ku yi mai bayani, in ƙauye ne dagaci, ku ga limamin unguwa, ku ga shugaban asibitin mazaɓar da kwamitin ci gaban mazaɓa in yana aiki. Mutum ya ga baƙon matashi tsaye a ƙofar gidansa yana ɗaga waya sama, a wannan zamanin na rashin tsaro, me kake so ya yi tunani? Wasu za su ce haraji ne, wasu su ce rusau za a yi, wasu su ce 'yan leƙen asiri ne. Amma in mai unguwa ya sa an yi shela ko an faɗa a masallaci bayan sallar magariba, kuma ya haɗa ku da yaronsa guda da zai riƙa zagayawa da ku, aikin zai tafi sumul. Sannan dole a samu mata a cikin tawagar, domin rijiya da masai a cikin gida suke, namiji kuwa iyakarsa zaure. Ungozoma ko matan da suka saba aikin riga-kafi sun fi kowa sanin lungunan nan, sun san gidan da aka yi haihuwa jiya da gidan da mai gidan ba ya son a shigo.

Kayan aikin ba yawa. Waya mai GPS, wato abin da ke nuna daidai wurin da kake tsaye, fawa banki, littafi da biro saboda ko waya ta mutu, sai manhajar tattara bayanai. Ni KoboToolbox nake ba da shawara, ana buɗe asusu a shafinsu a tsara fom a kwamfuta, sannan a sauke KoboCollect a waya, kuma daɗinta shi ne ba ta buƙatar netwok lokacin da kake cikewa, sai ka dawo inda akwai sabis ka tura gaba ɗaya. Wata manhajar mai suna ODK Collect ma haka take aiki, kusan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mutane da yawa ba su san GPS ba ya cin data ba, kai tsaye daga tauraron ɗan adam waya take karɓar saƙon, don haka ko a dajin da ba sabis zai ɗauki wurin.

Fom ɗin ku yi shi gajere kuma da Hausa. In rijiyoyi kuke bi, ga abin da ya isa: wurin da take, wace iri ce, ta gargajiya ce ko burtsatse ko famfon tuƙa-tuƙa, tana da murfi ko a buɗe take, gida nawa ke sha, 'yan garuwa suna ɗiba ko a'a, tana aiki ko ta lalace, sai hoto guda. Ku yi amfani da zaɓi wanda mutum zai danna kawai maimakon ya rubuta da hannu, domin in kun bar kowa ya rubuta, wani zai sa "rijiya" wani "rijya" wani "Rijiyar gida", ranar haɗa bayanai sai kun yi kamar ku yi kuka. Sunayen unguwanni ma ku tsayar da rubutu ɗaya tun farko, a ƙasar Hausa Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Rimi ba su ƙirguwa, wata mazaɓar ma za ka samu Gidan Alhaji biyu ko uku, to a bambanta su tun a fom.

Wajen ɗaukar wuri akwai 'yar dabara. Ka tsaya a fili inda kake ganin sama, ba ƙarƙashin rumfar kwano ba, ba cikin zaure ba, ba gindin ƙatuwar bishiya ba. Ka danna ka ɗan jira, za ka ga wata lamba tana sauka, wannan ita ce ke nuna iya kuskuren da za a iya samu da mita, ka bari ta sauko wajen mita 5 kafin ka ajiye. In ka yi gaggawa ka ajiye tana 40 ko 50 to rijiyar gidan wani za ta faɗa gidan maƙwabcinsa na uku, kuma ga wanda yake auna tazarar rijiya da masai wannan kuskuren ya rusa komai. A cikin tsohon gari inda lunguna suke a matse da dogayen katangu abin yana ɗan wahala, sai haƙuri. Kuma ranar farko ku fita tare gaba ɗaya ku yi gwaji a wuri biyar ko goma, ku dawo ku duba a kan taswira ko sun faɗa daidai, kafin a rarrabu kowa ya kama layinsa. Raba layin ma a yi shi da abin da kowa ya sani, daga kwalbati zuwa makarantar allo naka ne, daga nan zuwa bakin kasuwa nata ne, kar a bar iyaka a duhu irin abin da ya faru da masu riga-kafi a da.

Da kun tura bayanan, KoboToolbox da kanta tana nuna muku ɗigogin a kan taswira, ga wasu wannan ma ya wadatar. In kuna son ku ƙawata ta ku raba wa mutane, ku sauke bayanan a Excel ku ɗora a Google My Maps, ku ba rijiya mai murfi launin kore, marar murfi ja, masai baƙi, nan take ido zai fara ganin abin da rajista ta ɓoye. Wanda kuma yake da laftop kuma yana son ya zurfafa, ya sauke manhajar haɗa taswira mai suna QGIS, kyauta ce ba a biyan ko sisi, kuma ita ƙwararru da yawa suke aiki da ita. Wani kuskure da kusan kowa yake yi a karon farko: kowane wuri lambobi biyu ne, ta arewa da ta gabas, birnin Kano misali wajen 12.0 ne da 8.5, in ka juya su wajen shigarwa sai ka ga duk rijiyoyinku sun tashi sun koma can wajen Ganye a Adamawa. In ka ga haka ba abin da ya lalace, musanya layukan biyu kawai za ka yi.

A QGIS ne za ka yi abin da ya fi komai amfani, wato zana da'ira. Ƙa'idar da masu aikin ruwa da tsafta suke bi ita ce masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Sai ka sa manhajar ta zana da'irar mita 30 a kewayen kowace rijiya, duk masai ɗin da ya faɗo cikin da'irar ka san wannan rijiyar tana cikin haɗari, musamman da damina lokacin da ruwan ƙasa ya taso. Amma kafin ka zana sai ka mayar da bayanan zuwa tsarin da yake awo da mita, ana ce mai UTM, Kano da Katsina da Kaduna da Bauchi suna shiyya ta 32, Sakkwato tana 31, Maiduguri tana 33, in ba ka yi haka ba ka rubuta 30 ba a mita za ta ɗauke shi ba, sai ta zana maka da'irar da ta haɗiye rabin Afirka. Kuma in faɗi gaskiya, a cikin gari inda gidaje suke manne da juna mita 30 ɗin nan da wuya a same ta, kusan duk taswirar ja za ta yi, to kar ku karaya, amfanin shi ne ku gane waɗanda suka fi muni, rijiyar da gida ashirin ke sha kuma ba murfi kuma masai na gefenta ita za a fara sa wa kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a ɗaga bakinta a yi mata murfi.

Haka za ka yi da asibiti. A tsarin riga-kafin yara na yau da kullum a Najeriya, garin da bai kai kilomita 2 da asibiti ba ana sa ran iyaye su kawo yara da kansu, daga 2 zuwa 5 ma'aikata ne suke fita su je, abin da ya wuce 5 kuma sai tawaga ta musamman. Ka zana waɗannan da'irori a kewayen asibitin mazaɓarku ka ga waɗanne ƙauyuka ne suka faɗa ina. Ba sai kun taka kowane ƙauye da ƙafa ba ma, shirin GRID3 ya saka bayanan Najeriya a intanet kyauta, matsugunai da asibitoci da iyakokin mazaɓu da ƙiyasin yawan jama'a, ku sauke na jiharku ku ɗora naku a kai. Sai dai ku duba da idonku, za ku iya samun asibitin da yake a taswira amma a zahiri an rufe shi ko ba ma'aikaci, za ku iya samun rugar da ta tashi ko sabuwar da ta sauka bayan an ɗauki hoton. Sannan da'ira ba ta san rafi ba. Ƙauyen da yake kilomita 3 a taswira, a watan Agusta in gulbi ya kawo zai iya zama tafiyar rabin yini, mai naƙuda kuma ba ta da rabin yini. Irin wannan 'yan acaɓa da direbobin motar kasuwa za ku tambaya, ku sa alama a duk inda hanya take yankewa.

Yanzu maganar da ta fi damuna, saka marasa lafiya a taswira. Yana da amfani sosai in cuta ta ɓarke, amma amana ce babba. Kar ku taɓa saka sunan mutum, kar ku saka lambar wayarsa, kuma taswirar da ke nuna daidai gidan mai cuta ba ta shiga guruf ɗin WhatsApp ba ta hawa Facebook, iyakarta hannun jami'in lafiya. Wadda za a nuna wa jama'a a dunƙule ta, a ce layi kaza mutum kaza. Mun san halin unguwa, yau a ce gidan wane akwai kwalara gobe an daina sayen ƙosan matarsa, an hana 'ya'yansa wasa da yara, jibi kuma wanda ya kamu zai ɓoye a ɗaki ya ƙi zuwa asibiti don kar a sa shi a waya, ka ga an yi ba a yi ba. Cututtuka irin su tarin fuka da ƙanjamau kuwa ku bar wa ma'aikatan da aka horar, ba aikin 'yan sa-kai ba ne. Akwai ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 wadda ta sa bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Wayar da ake aikin da ita a sa mata makulli, in an gama a goge.

In amai da gudawa ne, kar ku tsaya a kan inda mutum yake kwana kawai, ku tambayi inda ya sha ruwa da inda ya ci abinci cikin kwana biyar da suka wuce, domin kwalara tana iya bayyana daga 'yan awanni zuwa kwana biyar bayan ta shiga jiki. Wani a gida yake kwana amma a kasuwa ya sha zoɓo, wani almajiri ne a tsangaya yake kwana amma abincinsa daga gida goma yake. Ku rubuta ranar da ciwon ya fara, sai ku ba kowace rana launinta, za ku ga inda abin ya faro da inda yake dosa. Kuma ba a jiran taswira ta kammala kafin a kai rahoto, da an ga babba yana zawo kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a garzaya asibiti, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, kowace ƙaramar hukuma tana da shi, ko a kira layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232.

Wani abu da yake ruɗin mutane, inda ɗigo ya fi yawa ba lallai nan ne cuta ta fi tsanani ba, wataƙila nan ne dai mutane suka fi yawa. A ce misali unguwa mai mutum 5,000 an samu masu cuta 20, wata tunga mai mutum 500 an samu 10, a ido ta farkon ta fi ja, amma a lissafi ta farkon 4 ne cikin dubu, ta biyun 20 cikin dubu, ninki biyar. Haka kuma wurin da ya fito fari tas ba ɗigo ko ɗaya ka yi mai kallon tuhuma, sau da yawa ba lafiya ce ta yi musu yawa ba, asibitin ne ya yi musu nisa ba sa zuwa balle a rubuta su.

Aikin taswirar sauro ya fi sauƙi kuma yara 'yan sakandare ma za su iya. Kwana biyu bayan ruwan sama a zagaya a ɗauki duk inda ruwa ya kwanta, kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini, kwatar da ta toshe, tsofaffin tayoyi wajen masu faci. Sauro yana ɗaukar kamar kwana goma zuwa sati biyu daga ƙwai ya zama mai cizo, don haka ruwan da yake ƙafewa cikin kwana uku ba shi ne abin damuwa ba, wanda yake wuce sati shi ne, ku koma bayan sati ku sake dubawa ku ware su. Ranar aikin gayya sai a san inda za a kai shebur da baro maimakon a share bakin titi kawai a ɗauki hoto.

Idan taswira ta haɗu ku buga ta a babbar takarda, a wajen masu buga fosta ba ta da tsada, domin dattawa ba za su leƙa ƙaramar waya ba. Ku sa alamomin da kowa ya sani, masallaci, makaranta, gidan mai unguwa, tashar mota, don mutum ya gane kansa a ciki. Ku shimfiɗa ta a ƙofar gidan mai unguwa, ku gayyato shugaban asibiti da duba-gari da kansila da shugabar mata da shugaban 'yan garuwa, ku bar su su yi gyara, za ku sha mamakin yadda wata tsohuwa za ta nuna da yatsa ta ce ai kun manta rijiyar gidan wane, ita ce ma kowa ke sha in an ɗauke wuta burtsatse ta tsaya. Kar a tashi daga zaman sai an rubuta abu uku da za a yi, da sunan wanda zai yi kowanne da ranar da zai yi, kwafi ɗaya a liƙa a bangon asibiti ɗaya a kai sashen lafiya na ƙaramar hukuma a sa hannu an karɓa. Sannan ku sa rana tun yanzu da za ku sake zagayawa da fom ɗin nan dai, sau ɗaya kafin ruwa ya sauka wajen watan Mayu, sau ɗaya kuma a tsakiyar Agusta, duk rijiyar da aka yi wa murfi a canza mata launi daga ja zuwa kore, wadda ba a taɓa ba a bar ta ja a sake kai ta gaban zaman.